Ranar da Haladu Ya Saki Firi a Kan Dutse

In ka tambayi direbobin unguwar Sharafiyya ta Jidda wane ne Haladu, ba za su ce maka mutumin Tasawa ba, ba za su ce dogon nan mai furfura a gemu ba. Haladu Mai Firi za su ce, shi kuma bai taɓa ɗaukar sunan a bakin tsokana ba, da fara'arsa yake amsawa. Shekara ashirin da tara yana tuƙa mutanen gida ɗaya a Jidda, bai taɓa goge fentin mota ba, ɗan sanda bai taɓa rubuta masa takarda ba. Ba sai ka tambaye shi wannan ba, zai gaya maka kafin shayinka ya huce.

Yana saurayi ya koyi tuƙi a hannun wani mai tsohuwar a-kori-kura da ke jigila tsakanin Tasawa da Maraɗi. Mutumin nan darasi ɗaya yake da shi a duniya, wato tattalin mai. Duk inda hanya ta ɗan gangara, ko gangaren da kaza ba za ta lura da shi ba, sai a cire giya a bar mota ta tafi da nauyinta, inji yana hutawa. Wannan shi ne firi. A ƙasar da ake sayen fetur a kwalba a bakin titi, wannan ilimi ne, kuma Haladu ya haddace shi har hannunsa na yi ba tare da ya shawarce shi ba.

Da ilimin nan ya sauka Saudiyya, a zamanin da fetur ya fi ruwan gora araha. Babu wanda ya roƙe shi ya yi tattalin komai. Jidda kuwa shimfiɗe take kamar tabarma, gangaren da ke cikinta bai wuce na gadojin sama ba. Amma duk gadar da Haladu ya hau, da ya kai tsakiyarta sai hannu ya kai ga sandar giya, mota ta zurara ƙasa shiru, shi kuma ya ji daɗi a ransa irin na wanda ya yi sadaka a ɓoye. Tsohon maigidansa na Jidda ya rayu ya rasu bai san ana yi masa wannan alheri ba.

Abu ɗaya ne Haladu ba ya so a duniyar tuƙi, shi ne dutse. A garinsu babu abin da ya fi rumbu tsawo, shi ma bai taɓa hawa ba. Lokacin zafi mutanen gidan kan tafi Ɗa'ifa shan iska, kuma hanya biyu ce: gajera mai nannaɗe dutse tana hawa, da doguwa mai tashi a hankali har ba ka sanin kana hawa. Shekara ashirin da tara gajerar hanyar nan tana rufe saboda hazo. Haladu ne ke kawo labarin, kullum daga bakin wani direba da ya dawo yanzu-yanzu. Ina jin tsohon ya gane, amma mutum ne mai son barci a mota, doguwar hanya ba ta ɓata masa rai.

Sai duniya ta juya. Tsohon ya rasu, takardun Haladu suka koma hannun ɗansa Thamer, wanda Haladu ya riƙa kaiwa makaranta da jaka a baya, yau shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar. Aka ba mata izinin tuƙi, Rana 'yar Thamer, mai aiki a kantin magani na wani asibiti, ta je makaranta ta karɓo lasin, ta sayi 'yar ƙaramar motarta. Uwarta kuma da waya take kiran mota. Aikin Haladu ya rage kai Hajiya, mahaifiyar Thamer, asibiti sau biyu a wata, sai wankin Jims, ƙatuwar motar gidan. Sau biyu a rana yake wanke ta, kuma yakan zaɓi lokacin da Thamer ke fita ko dawowa.

Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, za ta ƙare ƙarshen wata. Da ya tuna wa Thamer, sai ya ce masa, “Nshuf, ya Khalid.” Khalid suke kiransa a gidan. Nshuf kuwa za mu gani ke nan, kuma duk wanda ya yi aiki a gidan Balarabe ya san ba a faɗinta sai an riga an gani. In ba a sabunta ba, jirgi ne zuwa Yamai, mota zuwa Tasawa. A can matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Gidan da ya gina 'ya'yan ƙanensa ne a ciki, yara masu ladabi, suna durƙusawa su gaishe shi, rana ta uku su fara tambayar yaushe zai koma. Zuwansa na ƙarshe sai da ya tambayi hanyar kasuwa. Haladu yana tsoron komawa, tsoro na gaske, wanda bai gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka aka yi ruwan sama mai yawa a duwatsun bayan Ɗa'ifa. Wata 'yar'uwar Hajiya ta turo mata bidiyo: dam ɗin da ke saman ƙauyen da aka haife ta ya cika har baki. Tsohuwa ta haura tamanin, ta ce ita sai ta gani da idonta. Thamer ya ce aiki ya yi masa yawa. Rana ta ce za ta kai kakarta. A tsakar gida ake maganar, Thamer yana juya makulli a yatsa yana tunani, Haladu kuma yana gefe yana wanke taya mai tsabta. Ya ajiye tiyo.

“Ustaz Thamer, hanyar nan ba ta mata ba ce. Ba kuma ta lasin makaranta ba ce.”

“Ka san ta?”

“Kamar yunwar cikina.”

Rana ta dube shi. Thamer ya ce, “Tayyib. Ranar Alhamis ka kai ta, ka dawo da ita lafiya, sai mu yi maganar iƙama.”

Da la'asar Haladu ya tafi Sharafiyya, inda direbobi ke zama a gaban wani mai shayi. Ya samu Boubacar, mutumin Damagaram, wanda ya shekara goma yana jan babbar mota a hanyoyin duwatsun kudu kafin bayansa ya ƙi. Haladu ya ba da labari yadda ya fi masa daɗi, wato kafili ne ya roƙe shi.

Boubacar ya ce, “Bon. Na san irin hanyoyin nan. Hawan ba shi ne mushkila ba, Haladu, motarka tana da ƙarfi. Wajen saukowa ne za ka...”

“Saukowa ai kyauta ce. Ko buhu ka ajiye ya iya saukowa.”

“Ka saurara mana, ya shekh. Birki in ya yi zafi...”

“Boubacar, ina tuƙi kana wasan ƙasa.”

Boubacar ya girme shi da shekara biyu, amma bai ja ba. Ya kurɓi shayi ya ce, “Halas. Allah ya kiyaye hanya.”

Ranar Alhamis bayan sallar asuba suka ɗauki hanya. Hajiya ta miƙe ƙafafunta a kujerar baya da filo biyu da flas ɗin gahawa, don haka dole Rana ta zauna gaba, abin da bai yi wa Haladu daɗi ba. Har Ɗa'ifa doguwar hanya suka bi. Rana ta duba wayarta ta ce gajerar a buɗe take, Haladu ya ce waya ba ta ganin hazo. Bayan garin suka ratse, kwalta ta fara tsukewa, gidaje suka ƙare, sai ga dutsen a gabansu da hanya manne a jikinsa kamar zare.

Faɗinta mota ɗaya da rabi. Hagu dutse, dama babu komai, sai 'yan tubalan siminti jefi-jefi da aka shafa wa fenti don a ce an yi wani abu. Kwana na bin kwana, kowace sai ka juya sitiyari har ƙarshe, hancin motar yana kallon sama, ba ka ganin inda taya ke takawa. Haladu ya ƙanƙame sitiyari, ya matso da ƙirjinsa kusa da shi, ya kafe idonsa a jikin dutse. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Kunnuwansa suka toshe, ya ɗauka hawan jini ne, bai faɗa ba. A wata kwana suka yi kiciɓis da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya cike da awaki, yaron da ke tuƙa ta da hannu ɗaya ya raɓa su ya wuce yana cin wani abu. A wata kuma birai ne zaune a kan tubalan, suna kallon Jims kamar masu jiran a yi abin kallo.

Rana, wadda ke ce masa Ammu, wato baffa, ta ce, “Ammu Khalid, lafiya? Gumi kake.”

“Na'urar sanyi ce ta yi rauni, ya binti, 'yata.”

Minti arba'in suna hawa. Sai hanya ta miƙe, dutse ya buɗe, ga ruwa kwance tsakanin tsaunuka, kore shar, iska mai sanyi tana kaɗa shi. Haladu ya kashe mota, ya ɗauki lokaci kafin yatsunsa su yarda su saki sitiyari. Rana ta riƙo kakarta har bakin ƙarfen da aka kewaye wurin da shi. Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Can ta nuna wani wuri a tsakiyar ruwan ta ce gonar rumman ta babanta tana ƙarƙashin nan, da rijiyar da ta taɓa faɗawa tana 'yar shekara biyar. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce a waya ya fi girma, a zuba mata gahawa.

Haladu ya yi alwala, ya yi nafila raka'a biyu ta godiya. Ya sa Rana ta ɗauke shi hoto a jingine da mota, ruwa a bayansa, ya tura wa Boubacar ba tare da ƙarin bayani ba. A ransa aiki ya ƙare, iƙama ta shiga aljihu. Ya ci dabino, ya yi wa Hajiya hira, har ya leƙa ƙasa sau ɗaya daga nesa.

Bayan azahar suka juyo. Da hancin motar ya sunkuya, Haladu ya ga gangaren da bai taɓa ganin irinsa ba, gangare na kilomita da kilomita, wanda maigidansa na Tasawa da ya gani da ya yi kukan daɗi. Bai ma yi shawara ba. Hannu ya kai, giya ta fita, inji ya yi shiru, Jims mai nauyin giwa ta fara zurara. Ya ɗora ƙafa a birki yana rage mata gudu, kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya.

Rana ta dubi sandar giya, ta dube shi. “Ammu, motar a firi take.”

“Na sani.”

“A makaranta an ce a gangare a sa giya ta ƙasa, inji ya riƙe motar. In birki kaɗai ne zai yi zafi.”

“Su makarantar su ke sayen man?”

Ta mayar da idonta kan hanya, don an yi mata tarbiyya. Kwana ta shida wani wari ya fara shigowa, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Hajiya ta tambaya daga baya ko wani na ƙona shara a dutsen nan. Kwana ta takwas Haladu ya ji birki ya yi laushi. Ya ƙara dannawa. Ta tara ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka dafaffiyar kabewa, motar ba ta ko kula ba. Gaba kwana ce mai kaifi, da tubali biyu, da sarari.

A nan shekara ashirin da tara suka tashi a banza. Haladu ya ci gaba da taka abin da ba ya nan, bakinsa na salati, kansa babu komai. Rana ce ta miƙo hannu ta finciko sandar giya, ta mayar da ita ciki, ta sauke ta ƙasa mataki-mataki. Inji ya yi wata irin kururuwa, motar ta girgiza, ta fara rage gudu.

“Dama, Ammu. Jikin dutse. Ga tsakuwa can.”

Wannan kam ya iya. Ya karkata sitiyari, tayoyi suka nutse cikin tarin tsakuwar da masu gyaran hanya suka bari a wani ɗan fili, Jims ta yi tangal-tangal ta tsaya. Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Flas ɗin gahawa ya gangaro har ƙarƙashin ƙafar Haladu. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, “Mun iso ne?”

Sun fi awa ɗaya a wurin suna jiran birki ya huce. Haladu ya fita don ya duba taya, sai ya zauna a kan dutse kamar dama abin da ya fito yi ke nan. Da Rana ta gwada birki ta ji ya dawo, ta zo ta tsaya a gabansa. Ba ta nemi makulli ba, yana jikin mota. Ta ce, “Ammu Khalid, ka gaji. Bari in ɗan karɓe ka.” Ya so ya yi gardama, ya duba cikinsa bai samu ba. Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, kujerar da bai taɓa zama a kanta ba sai in zai goge ta.

Ta sauko da su a giya ta ƙasa, a hankali, inji na gurnani yana shan mai son ransa, ƙafarta na taɓa birki sama-sama. Haladu yana kallon gwiwoyinsa. Ba mutuwar da ya tsallake yake tunani ba, a'a, fuskar Thamer yake gani, da filin jirgi, da 'ya'yan ƙanensa suna durƙusawa. Haka suka wuce Ɗa'ifa, suka kama doguwar hanya.

Saura kaɗan su shiga Jidda Rana ta ratse gidan mai. Ta sa aka cika tanki, ta fita, ta zagayo ta buɗe ƙofarsa ta tsaya. Ya ɗago ya dube ta.

“Yalla, Ammu. Baba zai fara kira.”

Ya waiwaya baya. Hajiya ta ce, “Kada ka dube ni, ya Khalid. Ni barci na yi tun daga dam.”

Thamer yana bakin ƙofa da suka iso, Haladu a kan sitiyari. Ya buɗe wa uwarsa mota ya tambayi hanya. Tsohuwa ta ce, “Khalid ya hau da mu, Khalid ya shigo da mu gida.” Babu ƙarya ko ɗaya a maganar, kuma a gaskiya ban san malamin da zai kama ta da laifi ba. Kafin mako ya zagayo aka sabunta iƙama. Haladu ya kai ta Sharafiyya aka gani, ya ba da labarin kwana tara na hanyar dutse da yadda ake shan su, Boubacar yana saurare yana kallon cikin kofinsa.

Sai dai Thamer ɗa ne mai son uwarsa. Ya lura tun da ta dawo tana cin abinci, tana barci, ta daina faɗa da mai aiki. Ya kira Haladu ya dafa kafaɗarsa ya ce tunda hanyar ba ta ba shi wahala, duk Alhamis ya riƙa kai Hajiya dam ta sha iska. Haladu ya ce babu komai, ai aikinsa ne. Ya koma ɗakinsa na bakin ƙofa ya zauna a gefen katifa har aka kira magariba.

Rana ta ce ita ma tana son iskar, Alhamis kuma ba ta aiki. Haka aka yi ta yi. Haladu ya fitar da mota daga gida da hularsa a karkace, ya hau da su dutsen yana gumi, in an tashi dawowa ya tsaya duba taya har sai Rana ta shiga mazaunin direba, a gidan man nan kuma su sauya. Ma'aikatan wurin har sun saba, suna gaishe su. Alhamis bakwai aka yi haka, babu wanda ya taɓa ambatar abin a cikin motar ko a wajenta.

A ta takwas, suna bakin ruwa, Hajiya ta yi nisa da tasbaharta, Rana ta gaya wa Haladu an ba ta aiki a Dammam, farkon wata za ta tafi. Ya yi mata murna, ya sa albarka yadda ya kamata. Sannan ya tafi ya duba taya. Ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya sake zagayowa. Alhamis uku suka rage, bayansu kuma daga shi sai tsohuwa sai dutse, in kuwa ya ce ba zai iya ba, ya san abin da Thamer zai ce. Rana ta rufe wa kakarta ƙofa, ta nufo mazaunin direba kamar kullum, ta same shi tsaye a wurin ya riƙe murfin ƙofar.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Bai iya kallonta ba, sai ya kalli madubin gefe, ya sa hannun riga ya goge shi.

“Ya binti,” ya ce, “zauna can gefen. Ki riƙa gaya mini abin da zan yi, daga farko, kamar ban taɓa tuƙi ba.”